Baba Kwaɗo, Mai Sayen Tikitin Wasan da Aka Gama

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe tara na safe, ina tsaye a tsakiyar filin ƙwallo ina jayayya da mai yankan ciyawa a kan wani layi da ya karkace, sai wayata ta yi ƙara. Babban ɗanka ne, Baba Kwaɗo. Bai ja gaisuwa ba, ya ce mini Baba ya cika yanzun nan a asibiti, bayan kwana biyu da kwantar da shi. Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Bakina ya faɗi haka, amma ƙafafuna suka ƙi tsayawa. Na zagaya filin nan sau biyu da waya a hannu ban kira kowa ba, har mai yankan ciyawa ya kashe injinsa ya tsaya yana kallona.

Ban ma san an kwantar da kai ba. Da wannan zan fara, domin shi ne ya fi ci mini rai a ranar. Mutumin da muka yi shekara ɗaya da rabi muna gaisawa kowace safiya ya kwana biyu a gadon asibiti, ba wanda ya ga ya dace a gaya mini, kuma ba zan ga laifin kowa ba.

Yau mako guda cif. Sau uku ina fara wannan ta'aziyya ina yagewa, domin duk wadda na fara sai ta fito irin wadda ake karantawa a taro: mutumin kirki, mai haƙuri, na kowa. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne ya hana ni zama wuri ɗaya ba. Zan rubuta ta yadda ta zo, kai kuma ka yi haƙuri da ni, ai ka saba.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne sakataren kulob ɗin ƙwallon ƙafar garinmu, wanda wasu 'yan kasuwa uku suka haɗa kuɗi suka saya masa gurbi a gasar ƙwararru shekara biyu da suka wuce. Kai kuma kai ne mai tsaron babbar ƙofar ɓangaren rana, inda ba rumfa ba kujera, sai dakalin siminti mai ƙona cinya.

Ina tuna ranar da ka zo neman aikin. Ka yi shekara ashirin da takwas kana gadin ƙofar wata masana'anta kafin ka yi ritaya, ka shigo ofishina da takardarka a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma wani ƙaton kwaɗo mai nauyin dutsen guga. Na tambaye ka na mene ne, ka ce ka ga wanda muka sa a ƙofar, ko da cokali za a buɗe shi. Tun ranar sunan ya bi ka. 'Yan wasa sukan tsokane ka su ce damina ta kusa, Baba Kwaɗo zai fara kuka, kai kuma ka ce musu kai na ƙofa ne ba na rafi ba, kuma wanda ya sake makara atisaye zai kwana a waje ya gane bambancin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba ka taɓa ganin an ci ƙwallo a filin nan ba. Ƙofarka tana bayan dakali, fuskarka tana kallon titi, bayanka yana kallon wasa. Da kunne kake kallo. Idan ihu ya tashi kakan ce wannan kwana ce, ko wannan ƙarfe ta buga, ko wannan alƙalin wasa ake zagi, kuma da wuya ka kuskure. Har yawan mutane da kunne kake aunawa. Wata Asabar na sauko ina murna na ce maka yau mun haura dubu biyu, ka girgiza kai ka ce ba mu kai ba, muryar ba ta da kauri. Da aka haɗa lissafi, kai ne da gaskiya, na yi kwana biyu ina jin haushinka ba dalili.

Alherinka ba ya ƙirguwa, amma akwai waɗanda ba zan manta ba. Ranar da aka ci mu biyar a gida, mai tsaron ragarmu ya ƙi fita don tsoron jifa, kai ka cire babbar rigarka ka zura masa, ka goya shi a bayan kekenka, ka ratsa ta tsakiyar masu nemansa suna gaishe ka. Ranar da magoya baya suka yi wa alƙalin wasa ca saboda fenariti, a 'yar rumfarka ka ɓoye shi, ka zauna a bakin ƙofa kana gyaran rediyo, duk wanda ya tambaya ka ce masa ya bi ta can. Kekuna da baburan mutane kuwa, ba tikiti ba lamba kake tsare su, kuma ba a taɓa zuwa ofishina da ƙarar ɓatan ko madubi ba. Lokacin da mahaifina ya rasu, kai kaɗai ne cikin ma'aikata ka zo kwana uku a jere, ka zauna a gefen tabarma ba ka ce komai ba sai addu'a.

To, ga abin da ya shiga tsakaninmu.

Wasanmu na farko filin ya cika maƙil, har a kan katanga mutane. Ciyaman, wato babba cikin masu kulob ɗin, ya rungume ni yana cewa mun haye. Muka ɗauka haka za a yi ta tafiya. Ina! Kafin wata uku marmari ya wuce, jama'a suka koma gidajen kallo inda suke ganin manyan ƙungiyoyin waje a ƙarƙashin fanka. Mu kuma ga albashin 'yan wasa ashirin da biyar, ga hayar fili, ga man motar zuwa wasan waje, ga magani idan wani ya karye. Kulob irin namu ba shi da gona ba shi da rijiya, abin da ya shigo ta ƙofa shi ne abincinsa. Ba abin da ban yi ba. Na ɗauki motar lasifika na zaga gari har muryata ta dishe, na manna fosta a kowane bango, na sa babur a matsayin kyautar mai sa'a. Duk da haka tikitin da muke sayarwa ya tsaya a wajen dubu ɗaya da ɗari bakwai, ya ƙi gaba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen minti saba'in. Dokar filin ce a buɗe ƙofa idan ya rage minti ashirin a tashi, domin masu son fita. Da ka zare kwaɗon nan sai ka ga mutane sun kwararo ciki, ɗari biyar, ɗari shida, su cika dakali su kama ihu kamar su suka gina wurin. Daga tagar ofishina nake hango su, raina yana tafasa. Ni na raɗa musu suna 'yan ɓagas. A ganina mutane ne da ke da kuɗin tikiti a aljihu, suke laɓewa a waje har a buɗe musu su kalli ƙarshen wasa kyauta, alhali ina rasa abin da zan gaya wa 'yan wasa ranar albashi.

Sau huɗu, ina ƙirge, ka tare ni ka ce, "Sakatare, ka sauko ranar Asabar ka tsaya da ni a ƙofa. Minti ashirin kawai." Sau huɗu ina ce maka to, in sha Allahu, ban sauko ba. Ina da baƙi a rumfar manya, ina da takardu, ina da komai banda minti ashirin.

Ranar da na sauko, ba don gayyatarka na sauko ba. A watan Disamba ne, wani cikin masu tsaron da muka ɗauko haya ya raɗa mini cewa ana zuba wa tsohon nan kuɗi a ƙofa. Na lallaɓo na tsaya bayan ginshiƙi. Na ga gwangwanin madara a rataye da waya a jikin ƙofa, na ga mutane suna wucewa suna jefa abin da suka jefa. Sai wani bakanike, rigarsa duk baƙin mai, ya jefa nasa ya ce da ƙarfi, "Baba, ga kuɗin kunya."

Kuɗin kunya. Kalmar nan ce ta kwance mini kai. Na ce a raina, ashe su ma sun san abin kunya suke yi, har sun sa masa suna. Ban tambaye ka ba, ban ja ka gefe ba. A gaban mutane, a gaban waɗanda kake tsare wa kekuna, na ɗaga murya na kira ka maci amana. Na ce kulob yana mutuwa kai kana cika aljihu. Na ce ka ba ni mukulli.

Ka dube ni, ba fushi a fuskarka, abin da na gani ya fi kama da tausayi, kuma wannan ya ƙara tunzura ni. Ka ce, "Sakatare, bari Litinin mu yi magana mu biyu." Na ce ba maganar da za mu yi. Ka zaro mukullin daga wuyanka ka sa mini a tafin hannu, da ɗuminsa. Ka ciro gwangwanin ka miƙo mini, na ce ka riƙe abinka, mu ba ma cin haram. Wallahi na faɗi haka, ga mutumin da a shekaru ya isa ya haife ni, har ya yi jika da ni.

Ka zo ranar Litinin ɗin. Ka zauna a bencin ƙofar ofishina awa biyu, na sa aka ce maka ina taro. Ina jin tarinka ta bango.

Daga nan na kafa sabuwar doka, a buɗe ƙofa a minti saba'in amma fita kawai, ba shiga. Na zauna ina jiran 'yan ɓagas su gaji su sayi tikiti. Abin mamaki, maimakon adadi ya hau sai ya faɗo, daga dubu ɗaya da ɗari bakwai zuwa dubu ɗaya da ɗari huɗu, kuma ya zauna a nan wasa biyar. Na ɗora wa zafin rana, na ɗora wa koci, na ɗora wa tsadar rayuwa. Filin kuma ya mutu a ƙarshen wasa. Sau biyu muna kan gaba aka farke mana a mintin ƙarshe. Kyaftin ya same ni ya ce ihun nan na minti saba'in shi ke ɗaga musu ƙafa idan numfashi ya ƙare, na ce masa ihu ba ya biyan albashi.

Kuma duk Asabar ina ganinka. Kakan zo da hularka da kekenka, ka tsaya a waje cikin waɗanda na hana shiga, kunnenka a jikin katanga, kana gaya musu abin da ke faruwa a ciki. Ina hango ka ta taga in saki labule. Na gaya wa kaina taurin kai ne irin na tsofaffi.

A watan Fabrairu Ciyaman ya kira ni. Mutum ne mai magana a hankali, kuma ban ga laifinsa ba, domin aljihunsu uku ne ke ɗauke da mu. Ya ce akwai masu son sayen gurbinmu su kai wani gari, da kuɗi a hannu. Ya ce wasan gida na ƙarshe, na ranar sha biyar ga Maris, in nuna masa tikiti dubu biyu da aka saya, ba na kyauta ba, ba na baƙi ba. Idan na nuna, za su ƙara mana shekara. Idan ban nuna ba, za su sayar, kowa ya kama gabansa. Mutum arba'in da ɗaya ke cin abinci a kulob ɗin nan, daga koci har mai wankin riguna. Da wannan nake kwana nake tashi har ranar da ɗanka ya kira.

Ranar Alhamis na koma gidanka gaisuwa. Ina shirin tashi Mama, mai ɗakinka, ta aiko a ce in dakata. Aka jawo wani buhu daga ƙarƙashin gadonka aka ajiye a gabana. Daga bayan labule ta ce, "Ɗana, ga kayan aikinku. Ya ce idan hutunsa ya ƙare zai kai muku da kansa."

Na ce, "Wane hutu, Mama?"

Ta ce, "Hutun da kuka ba shi mana, tun Disamba. Ya ce kun ga ya gaji."

Na kwance bakin buhun. Tikitinmu ne, ƙunshi-ƙunshi, kowanne ɗaure da roba, ba ko ɗaya da aka yaga. A bayan kowane ƙunshi ka rubuta kwanan watan wasa da rubutunka mai karkata. Wasanni na bara, wasanni na bana. Ƙunshin da ke sama yana ɗauke da kwanan watan ranar da na karɓi mukulli. Ban ƙirga su ba.

Da safiyar Juma'a na ɗauki buhun na dire shi a gaban Mai Taga, matar da ke sayar mana da tikiti tun ranar farko, gwauruwa mai 'ya'ya huɗu. Tana ganin ƙunshin ta fashe da kuka. Ita ta warware mini komai. Dokata ce a rufe tagar tikiti da an tafi hutun rabin lokaci, kuma duk wanda ya sayar da tikiti bayan nan a bakin aikinsa. Dokata ce kuma ta kawo mini ragowar tikiti da lissafi ranar Litinin ƙarfe sha biyu. To, kowace Litinin ƙarfe takwas, kafin in iso, sai ka zo da gwangwaninka ka juye mata a kan tebur, ku ƙirga tare, ta yanko maka tikitin wasan Asabar gwargwadon abin da kuɗin ya saya. Wani mako ɗari biyu da hamsin, wani mako ɗari uku. Ta ce da farko ta yi maka dariya, ta ce Baba wa ke sayen tikitin wasan da aka gama? Ka ce mata wasan an gama shi, amma sun kalla kuma sun biya, ba ka da inda za ka sa kuɗin ya shiga kulob da sunansa sai nan.

Ashe ɗari ukun da suka ɓace mini a takarda, ni na kore su da bakina. Ashe shekara ɗaya da rabi ina kai wa Ciyaman adadin da gwangwanin madara ke tallafe da shi. Na tambaye ta me ya sa ba ka faɗa ba ranar da na ci maka mutunci. Ta ce ta roƙe ka ka bar ta ta faɗa, ka hana. Ka ce idan na ji a cikin fushi ita zan kora, kai kuwa kana da ɗan fansho, ita ba ta da kowa. Ka ce a bar Sakatare ya huce, yaro ne mai kirki, zafi ne kawai da shi. Wata uku kana jira in huce, Baba.

Ranar Asabar na bar baƙi da rumfar manya, na rataya mukullinka a wuya na tsaya a ƙofarka. Na sa Mai Taga ta bar taga a buɗe har usur na ƙarshe, wanda ya zo bayan hutun rabin lokaci ya biya rabin kuɗi, mu ƙirga biyu a matsayin ɗaya. Ƙarfe huɗu aka take wasa. Biyar da 'yan mintuna sai na fara ganinsu suna ɓullowa ta kan kwana, wasu a guje. Masu walda da tabon wuta a hannu. Masu dako daga kasuwa, ƙura har gira. Ma'aikatan masana'antar da ka yi wa gadi, da rigar aiki. Mata biyu masu aikin jinya da suka tashi daga aikin safe. Ba wanda ya laɓe, ba wanda ya jira a buɗe masa kyauta. Ƙarfe biyar ake tashi daga aiki, shi ke nan. Suna isowa su tarar na rufe taga na kulle ƙofa, sannan in hau sama in kira su 'yan ɓagas. Abin da ka so in gani ke nan, kuma minti ashirin ɗin ma sun yi yawa, a biyar na gane.

Bakaniken nan ya zo. Ya gane ni, ya ɗaure fuska, ya sayi tikitinsa zai wuce. Na riƙe hannunsa na tambaye shi me ya sa suke kiransa kuɗin kunya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kunya muke ji mu shiga a ɓagas, yaran nan suna gudu a rana saboda mu. Baba ma da farko ƙin karɓa ya yi, mu muka rataya gwangwanin." Ya zare hannunsa ya shige.

A minti saba'in na karɓi makirufo daga hannun mai sanarwa. Ban shirya abin da zan ce ba. Na gaya wa filin duka abin da na rubuta a nan, da buhun, da gwangwanin, da kalmar da na jefe ka da ita. Na ce a gabansu na zage ka, a gabansu nake janyewa, ko da yake wanda ya kamata ya ji ba ya nan. Daga nan wani daga ɓangaren rana ya kira sunanka, dakalin duka ya ɗauka. Ana cinmu ɗaya a lokacin. Saura minti shida muka farke, aka tashi kunnen doki. Ni ban ga cin ba, na riga na koma ƙofa, bayana yana kallon wasa. Da kunne na ji, kuma na ɗauka kwana ce.

Aka haɗa adadi, dubu ɗaya da ɗari takwas da ashirin da shida. Saura ɗari da saba'in da huɗu. Wani ya ba ni shawara mu cike da kanmu a rufe, ba mai sani. Na tuna buhunka, da yadda ba tikiti ɗaya a ciki da ba guminsa, na ce a'a. Na sa aka faɗi adadin a lasifika yadda yake, da abin da yake nufi. Mutane suka watse ba hayaniya. Lahadi ban zauna ba, na share ofis, na kwashe takarduna a kwali, na fitar da su, na sake mayarwa.

Jiya Litinin na fito da wuri don in rufe lissafi in huta da abin. Tun daga kan kwana na hango layi. Na ɗauka wani abu ake rabawa. Layin ya taso daga tagar tikiti, ya bi jikin katanga, ya wuce 'yar rumfarka. Masu walda ne, da masu dako, da bakaniken a gaba, duk da kayan aiki, kowa yana duba agogo don kada ya makara. Mai Taga tana zaune ta rasa abin yi, tana jirana. Bakaniken ya ce mini, ba tare da ya gaishe ni ba, wasa biyar suka ji a bakin Baba daga bayan katanga ba su biya ba, yau sun zo biya. Ya tura kuɗinsa ta taga ya ce, "A ba ni na Asabar."

Na ce wa Mai Taga ta yanka.

Ƙarfe sha biyu saura kwata muka rufe a kan dubu biyu da talatin da ɗaya. Na rubuta wa Ciyaman komai ba ɓoye, cewa ɗari biyu da biyar daga ciki tikitin wasan da aka gama ne, an saye su ranar Litinin, kuma ga dalili. Ya karanta a gabana, ya ninke takardar, sannan ya ce za su zauna ranar Laraba. Gobe ke nan. Ban san abin da za su yanke ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce hankalina a kwance yake ba. Tun safe na leƙa ƙofarka sau uku ba abin da na je yi. Abin da na sani shi ne, idan kulob ɗin nan ya ga wata kakar, ba motar lasifikata ce ta tsayar da shi ba, ba kuma babur ɗin kyauta ba. Idan kuma aka sayar, to na taimaka wajen kashe shi da wasa biyar ɗin da na kulle mutanenka a waje.

Na so in mayar wa iyalinka kwaɗon, tunda naka ne, da kuɗinka ka saya. Mama ta ce a bar shi inda ka sa shi. Na kuma gaya mata gaskiyar hutun, domin ba zan bari ta ji a bakin wani ba. Ta ce ba ka taɓa shigowa gida da sunana a bakinka ba sai da alheri, don haka ita ba ta da abin da za ta riƙe. Na so a ce ta yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da babban ɗanka da ƙannensa shida, da jikokinka, da 'yan'uwanka na kusa da na nesa. Ina miƙa ta ga Mai Taga, wadda ka rufa wa asiri da mutuncinka, da 'yan wasan da suka ɗauki makararka suna kuka kamar yara, da mutanen ƙarfe biyar, waɗanda su ne suka fi kowa rashi. Allah ya ba mu haƙurin rabuwa da kai, ya albarkaci abin da ka bari, ya tsare zuriyarka daga irin harshen da na sa maka.

Baba, ban nemi gafararka ba kana da rai, alhali awa biyu ka zauna a bencina kana jira. Yanzu sai dai in roƙi Wanda kake wurinsa. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa kowane tikitin da ke cikin buhun nan ya zama shaida a gare ka ranar da za a auna amana. Allah ya yafe mini abin da na yi maka. Kuma ranar da ka isa ƙofar Aljanna, Allah ya sa ka tarar da ita a buɗe, kada a tsayar da kai a waje ko na minti ɗaya. Amin.